Fanke da luƙaimat ba alkama ba madara: abin da nake rubutawa tun watan Rajab

Asabar 11 ga Janairu 2025 (11 Rajab)

Na buɗe wannan rubutun ne dan kar awo ya dinga ɓace min, kuma dan duk uwar da ta tsinci kanta a irin halin da nake ciki ta samu inda zata kama. Aikin guda ɗaya ne, kafin azumi ya kama ina so in iya soya fanke da luƙaimat, ƙananan fanken nan na Larabawa, da babu fulawar alkama babu madara a ciki, wanda kowa a gidan zai ci ba tare da an ce wannan na mara lafiya bane.

Autata mai shekara takwas ce aka tabbatar tana da siliyak a watan jiya. Sai da aka ɗibi jini aka yi gwajin da ake kira tTG, daga baya aka zura mata na'ura ta baki aka ɗan gutsuro daga hanji aka duba, sannan likita ta zaunar damu ni da abbansu. Tace a cikin alkama da sha'ir da wani hatsi da ake kira rai akwai wani furotin, gulutin, in ya shiga cikinta jikinta ne da kansa yake far wa bangon ƙaramin hanji har 'yan tsirin nan masu tsotse abinci su kwanta, shi yasa yarinyar take ci bata ƙiba, ga ƙarancin jini ga kumburin ciki kullum. Ita kuma madara, sinadarin da yake narka sukarinta a saman waɗannan 'yan tsirin yake zaune, tunda sun lalace madarar ma bata zama mata. Tace wannan yawanci yana gyaruwa in hanji ya warke bayan wasu watanni. Alkama kuwa har abada. Ba allura ba ƙwaya, maganin kawai a daina ci.

Toh a garin Makka ace yaro ya bar alkama. Tamis da ful da safe, burodin samoli a maƙsaf, wato shagon makaranta, ma'asub, mutabbaƙ, sambusa, jarish, shurbar hab, in an dawo gida kuma ga namu, fanke da cincin da alkaki da dubulan. Tuwon shinkafa da ƙosai da waina su suka rufa mana asiri a watan nan. Amma luƙaimat take so, tun bara take zaman jiran ta girma ta iya sakawa a mai da kanta, shi yasa da shi zan fara.

Talata 14 ga Janairu

Na siyo haɗaɗɗen garin nan na kanti da aka rubuta wa khali minal jilutin, wato mara gulutin. Kilo ɗaya riyal 36, fulawar da muka saba kuwa bata kai riyal uku ba. Na farkon da na ɗauka sai da na mayar dashi kan kanta, dan da na juya bayansa na ga akwai garin madara a ciki, toh a kula, rashin gulutin daban rashin madara daban.

Na kwaɓa yadda nake kwaɓa fanke, yis da suga da gishiri da ruwan ɗumi. A roba ya tashi gwanin sha'awa, amma ina sa hannu zan yanko ya sace gaba ɗaya, a mai kuma bayan ya soyu cikin ya zama danƙo yana manne wa haƙori. Ta ci biyu tace Umma da daɗi, na san dan ni ta faɗa. Ko da ace ya yi kyau ma lissafin baya fita, mu bakwai ne, kuma niyyata kowa ya ci abu ɗaya dan a daina tankaɗe fulawa a kicin ɗin nan gaba ɗaya. Riyal 36 duk kwana biyu har wata guda ba abu bane mai yiwuwa a wurinmu.

Juma'a 17 ga Janairu

Yau ba suya, gyaran kicin. Ƙa'idar da duniya ta tsayar kafin a kira abinci mara gulutin ita ce kar ya wuce miligiram 20 a kilo guda, wato ɗan ɓurɓushin da ya maƙale a rariya ma ya isa ya ɓata aiki. Na kyautar da tsohuwar rariya da muciya da duk ludayin katako dan katako yana riƙe gari a tsaguwarsa. Sabon kasko riyal 45, matsami 12, rariya mai ƙananan ido 15, ƙaramin sikeli 35. Na ɗaura jan zare a hannun kowanne dan 'yan mazan su gane ba a taɓawa.

Litinin 20 ga Janairu

Garin shinkafa zalla na baƙala wato shagon unguwa, yis, suga, ruwa. Ina zubawa a mai ya watse, wanda ya tsaya a dunƙule kuma ya fito fari fat, a baki yashi-yashi, kafin la'asar ya yi taurin da ba ya ciyuwa.

Na zauna na yi ta karatu a waya har na gane abin da fulawa take yi wanda ban taɓa tunaninsa ba duk shekarun da nake suya. Yis yana cin suga yana fitar da iska, gulutin ɗin nan kuma shi ne yake miƙewa ya rufe iskar kamar robar balan-balan, shi yasa muke buga ƙullin fanke da hannu har ya yi danƙo. Shinkafa bata da abin da zai miƙe, iskar tana fitowa tana ficewa abinta. Kenan ba wai gari zan canja kawai ba, sai na nemo abin da zai riƙe iska.

Alhamis 23 ga Janairu

Na ƙara sitacin rogo kashi ɗaya cikin huɗu, a shagon 'yan Indonesiya na samu, rabin kilo riyal 9. Ya daina watsewa. Yashin yana nan, farin yana nan.

Talata 28 ga Janairu

Yau an ji jiki. Tunda na ga sitacin rogo yana haɗa kan ƙulli sai na kai shi rabi da rabi da shinkafa. Da farko abin kamar ya yi, suka taso saman mai zagaye sumul suna juyawa da kansu, har na kira yayar autar nace zo ki gani. Bamu ankara ba ɗaya ya fashe da ƙara, na biyu ya biyo baya, mai ya fantsamo min a damtse da gefen wuya, Allah ya taimaka yarinyar tana bayana kuma autar tana falo. Na kashe gas na ja da baya, sai da wajen biyar suka fashe kafin kaskon ya lafa. Na tara hannun a ƙarƙashin famfo wajen minti ashirin, abbansu ya je saidaliyya ya siyo man ƙuna riyal 28, wuri biyu sun yi bororo.

Abin da ya faru, sitacin rogo in ya yi yawa kuma man ya yi zafi sosai, bayan yana saurin rufewa ya zama fata mai ƙarfi tun cikin bai dahu ba, ruwan ciki ya zama tururi ya rasa hanyar fita. Na rubuta wannan da babbar murya dan na ga ana ta yaɗa haɗin rogo da garin shinkafa mai danƙo ba tare da an faɗi haɗarin ba. Kar yaro ya tsaya kusa da kasko ranar gwajin sabon haɗi, kuma kar sitacin rogo ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na duka garin. Na sa an siyo min ma'aunin zafin mai, riyal 25, na daina gwada mai da ɗigon ƙulli.

Zan huta da suya har hannun ya bushe.

Asabar 1 ga Fabrairu (2 Sha'aban)

An shiga Sha'aban, saura wata. Na je Utaibiyya wurin masu aɗɗara, masu sayar da kayan ƙamshi da na magani, na siyo isabgol, ɓawon nan da Indiyawa da 'yan Fakistan suke sha dan taurin ciki, ƙaramin kwali riyal 14. Ana jiƙa ƙaramin cokali biyu a ruwa ya yi kauri sannan a zuba a ƙulli. Gaskiya yana aiki, karon farko da ƙulli ya biyo hannuna ya miƙe, kuma cikin fanken ya yi 'yan ramuka. Matsalarsa biyu, launin cikin ya koma wani ruwan toka mai duhu, sannan yana da ɗan taunar roba. Zantan, garin nan mai sa ƙulli danƙo da ake ta faɗa, na gani a babban kanti, kuɗinsa ya sa na ajiye.

Alhamis 6 ga Fabrairu

Wannan ranar ita ce ta juya aikin gaba ɗaya.

Na je gaida wata Hajiya tsohuwa a wajen Sharra Mansur, ƙawar marigayiya surukata, wadda ta shafe shekaru tana suyar waina. Iyayenta a ƙafa suka zo, ta Chadi da Sudan, suka yi shekaru suna noma a hanya kafin su tsallako teku daga Sawakin zuwa Jidda, ita tana goye. Ta ga tabon hannuna ta tambaya, na kwashe labari na faɗa mata har da su isabgol da zantan. Ta saurara har na gama sannan tace, ke 'yar nan, wainar da kike ci tun kina yarinya da alkama ake yinta? Nace a'a Hajiya. Tace toh me yake sa ta tashi ta yi laushi? Nace yis. Tace yis kowa yana dashi, talge ne. Ki ɗibi kaɗan daga garin ki dama shi a wuta ya dahu ya yi kauri, ya huce, ki zuba a ɗanyen ƙullin, shi yake riƙe ruwa ya hana ta bushewa. Sannan tace 'yar tsala da funkason gero da iyayenmu suke yi tun kafin fulawa ta cika gari, da me suke haɗa kansu in ba yauƙi ba, kuɓewa ko karkashi, ɗanwake ma ai kuka ce take riƙe shi a tukunya.

Wallahi na yi shiru. Sati uku ina bin kantuna ina neman abin da zai riƙe iska, ga shi a cikin kwandon cefanena. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da yake damuna shi ne yadda muke ɗauka cewa ilimin abincin masu siliyak sai ya zo a kwali daga Turai, alhali mu asalinmu mutanen gero da dawa da shinkafa da wake ne, girkinmu na da can kusan duk babu alkama, matan da suka riga mu sun gama warware yadda ake sa garin da ba shi da danƙo ya tashi ya kuma tsaya a mai.

Ta ƙara min da ɗaya, tace in bar basmati, in nemi ruz masri, mai gajeren ƙwaya, shi ya fi kusa da shinkafar tuwo. In jiƙa ta kwana, in tsane, in shanya ta sha iska sannan a niƙa. Da zan tafi tace in kawo mata jikar ta sa mata albarka, kuma in kawo fanken ta ɗanɗana ta faɗa min gaskiya.

Lahadi 9 ga Fabrairu

Gwaji da waika, busasshiyar kuɓewar da ake samu a shagon Sudanawa. Ban siyi garin ba dan ban san inda aka niƙa ba, yankakkiya na siya na daka a turmi. Ƙaramin cokali ɗaya tare da talge. Tashin ya yi, laushin ya yi, har washegari da safe ana iya ci, wanda bai taɓa faruwa ba. Amma ƙamshin miya yana fitowa, ga ɗigo-ɗigon kore, babban ɗana yace Umma saura tuwo. Da dibis, wato zumar dabino, a kai abin sam bai haɗu ba.

Sai na canja dabara, ɗanyar kuɓewa guda takwas na tsaga biyu na zuba a kofin ruwa na sa a firji ta kwana, da safe na matse na tace. Ruwan ya fito fari mai yauƙi, ba kore ba wari sosai, da na sa hel wato kadamon ma ya ɓace. Wannan shi ne.

Laraba 12 ga Fabrairu

Kwana biyu muna fama. Na so in gwada funkason gero tunda Hajiya ta ambata, na siyo duhun wato gero na wanke na shanya na aika aka niƙo a maɗhana, wurin niƙa, na kuma ce a faɗa wa mai injin ya share kafin ya zuba, yace ya share. Funkason ya yi kyau, autar ta ci uku da miyar taushe ranar Litinin da daddare. Kafin asuba ciki ya murɗa, amai, gudawa, cikin ya kumbura ya yi tam, jiya bata je makaranta ba yau ma haka, tana kwance ko magana bata son yi. Na bi duk abin da ta ci ɗaya bayan ɗaya, babu sabon abu sai garin nan. Injin da yake niƙa alkama da sha'ir tun safe har dare ba tsintsiya ce zata fitar da abin da ya shige lungunansa ba.

Na kira asibiti, suka ce ruwa da gishirin nan na gudawa, in ta kasa riƙe ruwa a kawo ta. Alhamdulillahi ta riƙe. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ta ɗan farfaɗo cewa ta yi, Umma ni na daina son fanken ma, ki bari kawai. Yarinya ta fara tsoron abinci. Na rungume ta nace ba laifin fanke bane ba kuma laifinki bane, injin ne, kuma an gama kai niƙa waje a gidan nan.

Abbansu ya siyo ƙaramin injin niƙa na gida mai ɗaukar rabin kilo, riyal 190. Sauran garin geron na bayar.

Talata 18 ga Fabrairu

Ta koma makaranta tun Lahadi. Niƙa a sabon inji, sai an niƙa sau biyu an tankaɗe kafin ya yi laushi, kuma a dinga barinsa yana hucewa. Yashin ya tafi. Dan farin na sa garin hummus, waken nan na Larabawa, babban cokali biyu wanda na niƙa da kaina, ya fara yin ja.

Asabar 22 ga Fabrairu

Ana hutun Yaumut Ta'asis, ranar tunawa da kafuwar Saudiyya, kowa yana gida, na samu masu ɗanɗanawa. Ga awon da ya tsaya, na maimaita shi kuma bai canja ba.

Garin ruz masri giram 200, sitacin rogo 60, nasha wato sitacin masara 40, garin hummus 20. Daga garin shinkafar a ɗibi giram 20 a dama da ruwa mil 120 a wuta kaɗan har ya zama talge, a bari ya huce ya zama ɗumi, in da zafi aka zuba zai kashe yis. Ruwan kuɓewa mil 170, shi ma a fito dashi daga firji ya saki sanyi. Yis giram 5, suga giram 20, gishiri ɗan kaɗan, mai babban cokali ɗaya, hel dakakke. A haɗa a buga sosai wajen minti uku, kaurinsa ya zama in an ɗaga cokali yana zubowa a hankali a dunƙule. A rufe minti arba'in. Tashi ɗaya kawai ake masa, kuma ba a buge shi bayan ya tashi yadda muke wa na fulawa, in aka fitar da iskar bata dawowa. Dab da suya a barbaɗa rabin ƙaramin cokali na bekin foda a juya a hankali, shi ma a duba bayan gwangwanin.

Suya kashi biyu ce. Ta farko a digiri 160, a tsoma cokali a mai a yanko ƙanana, a yi ta juyawa da matsami har su tsaya amma basu yi ja ba, a kwashe su huta minti biyar. Sannan a kai man 180 a mayar dasu har su yi ja su yi ƙaras. Dibis da riɗi a kai suna da zafi. In fanke ake so irin namu sai a ninka sugan, a cire hel, a yanko manya da hannu, a tsaya a 170 suya ɗaya amma a basu lokaci dan cikin ya dahu.

Kuɗin kwaɓi ɗaya ban da mai bai kai riyal biyar ba, kuma yana isar mu bakwai. Na aika wa Hajiya da kwano, ta aiko cewa luƙaimat ɗin ya yi, fanken kuma gishiri bai ji ba kuma in ƙara masa minti goma na tashi. Na gyara.

Autar ta ci. Da farko ɗaya ta ɗauka ta zauna tana jiran ciki, da ta ga shiru har magariba ta dawo da kanta ta buɗe kwanon.

Alhamis 27 ga Fabrairu

Cefanen azumi. Ruz masri kilo goma, sitacin rogo kilo biyu, nasha, hummus, yis, mai, dibis, gaba ɗaya riyal 168. Kuɓewa abbansu zai dinga ɗaukowa daga halaƙar Ka'akiyya, kasuwar kayan miya. Na niƙa na haɗa busasshen garin na ƙulla a leda goma sha biyar, kowacce kwaɓi ɗaya, talge da ruwan kuɓewa ne kawai sai ranar.

Abubuwan da na cire daga sufurarmu ta bana, wato kayan buɗa-baki: sobiya, dan da sha'ir ko busasshen burodi ake yinta, mutane da yawa basu san haka ba suna ganin abin sha ne kawai. Shurbar shufan wato oats ma na cire, shi shufan ba alkama bane amma a gona da masana'anta yana cakuɗa da ita, sai wanda aka rubuta wa mara gulutin. Kunun gyaɗa da kunun tsamiya da zoɓo zasu maye. Samna da ƙishɗa da laban babu, duk kayan madara ne. Ƙwai yana nan, ƙwai ba madara bane, har yanzu ana tambayata.

Asabar 1 ga Maris (1 Ramadan)

An sha ruwa lafiya. Faranti ɗaya na luƙaimat a tsakiya, kowa ya sa hannu, ba a ware na kowa ba. Ita ta yaryaɗa dibis. Bai kwana ba.

Talata 4 ga Maris

Zafi ya fara shigowa, kicin ɗin ba mukayyif wato na'urar sanyaya ɗaki. Na kwaɓa bayan azahar na bari har bayan la'asar, ya wuce tashi ya yi tsami ya zube, suka sha mai. A wannan yanayin minti talatin ya isa, ko a kwaɓa a sa a firji a fito dashi rabin awa kafin suya.

Lahadi 9 ga Maris

An gayyace mu shan ruwa a gidan dangin abbansu. Na tafi da ƙullina da kaskona da maina, dan man da aka soya sambusa a ciki ya riga ya ɗauki alkama, wuta bata kashe gulutin komai zafinta. Babbar yayarsa ta ga ina fito da kasko daga jaka ranta ya ɓaci, tace yanzu kaskon gidan namu ne ba zai yi ba, ɗan kaɗan ai ba zai kashe ta ba, mu da muka tashi ba mu san wannan cutar ba, sai yanzu da likitoci suka ƙirƙiro. Nace Yaya Allah ya huci zuciyarki, ba ƙyama bace, a watan Sha'aban ɗin nan da ya wuce kwana uku ta yi a kwance saboda ƙurar inji kawai. Ta yi shiru amma na san bata gamsu ba.

Maganar ƙirƙira ta tsaya min, dan cutar ba sabuwa bace, kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya yana da ita, yawanci basu sani ba. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da cewa alkama ce, a yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945 burodi ya ɓace sai yaran da ke fama da ita suka samu sauƙi, da burodi ya dawo suka koma gidan jiya, ya rubuta bincikensa a 1950. Mu kuwa da muka tashi, yara nawa ne aka yi ta cewa shawara ce ko tamowa ko iska, ana ta jiƙe-jiƙe, ba wanda ya kalli burodin da ke hannunsu. Ban faɗa mata wannan a gaban mutane ba, babba ce, abbansu yace shi zai zauna da ita bayan tarawih.

Na soya a gefe, na ajiye faranti biyu. Yaran gidan suka cinye har da nata rabon, sai da na sake zuba wani. Da zamu tafi Yayar da kanta tace in bar mata leda ɗaya ta garin saboda ranar da yarinyar zata kwana a wurinta, nace sai na haɗa mata da ƙaramin kasko, tace toh kawo.

Lahadi 16 ga Maris

Mata biyu da muka haɗu a layin asibiti, ɗaya 'yar Yaman ɗaya Bahaushiya daga Jarwal, sun gwada awon. Na 'yar Yaman ya yi. Na ɗayar ya fito da tauri, da muka bi diddigi basmati ta niƙa kuma bata jiƙa ba. Na bata leda biyu daga nawa. Tace ɗanta bai taɓa cin waina ba dan tana tsoron komai soyayye, nace waina da ƙosai da awara da ƙuliƙuli duk nasa ne in dai ita ta niƙa kuma man sabo ne, dunƙulen ɗanɗano ne kawai zata dinga karanta bayansa dan wasu da fulawa ake haɗa su.

An auna autar, ta ƙara kilo ɗaya da ɗan wani abu tun Janairu. Gwajin jini na gaba sai bayan sallah, a nan ne likita zata ce ko za a fara gwada mata laban kaɗan.

Litinin 24 ga Maris

Goman ƙarshe, hanyoyin Harami a cike, suya sai in an samu sarari tsakanin la'asar da magariba. Na fara cincin na sallah. Shi ba tashi yake nema ba, murzawa da yankawa yake nema, kuma a nan garin luƙaimat bai yi ba, ina murzawa yana tsagewa daga gefe, a mai ya zama gari. Na biyu na sa ƙwai biyu da man kwakwa a madadin bota, na ƙara talgen ya yi kauri sosai, na bar ƙullin a firji awa ɗaya, na murza tsakanin leda biyu. Ya yanku, ya soyu a 165 bai watse ba, sai dai ya fi cincin ɗin fulawa tauri kuma ƙamshin kwakwar ya yi yawa. Gobe zan rage sitacin rogo in ƙara nasha, in raba man biyu da na masara, in kuma gwada ɗan isabgol ɗin da ya rage tunda duhun launi ba ya damun cincin.

Dubulan na ajiye shi sai bayan sallah, naɗin nan nasa yana son danƙon da har yanzu ban samu ba. Alkaki sunansa ma ya faɗi abin da yake, sai dai in gwada da tsakin shinkafa, Hajiya tace in zo ranar Laraba da safe da tsakin da tsamiya mu gani tare, ta kuma ce nakiya bata buƙatar kowane gyara, shinkafa ce da suga da yaji, man shanun kawai za a canja da man gyaɗa. Abin siya kafin Laraba: ruz masri kilo biyar, man gyaɗa, kanumfari, citta, ƙwai kiret ɗaya, da robobi masu murfi guda huɗu dan kayan sallarta su zauna daban da wanda baƙi zasu kawo.